Pixel biyu a shago ɗaya: in ɗauki mai arha in fasa kullenta, ko in ƙara kuɗi in sayi mai buɗuwa?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa. Jiya na leƙa Farm Center neman Pixel 7 ta hannu, na tarar da guda biyu a shago ɗaya. Kala ɗaya, girman ma'adana ɗaya, batirinsu duk da sauran ƙarfi. Sai dai ɗaya ta fi ɗaya sauƙi da naira dubu 35. Da na tambayi dalili, yaron shagon ya ce mai sauƙin daga Amurka take, ta wani kamfanin layi ce, amma "an buɗe ta". Na saka sim ɗina kuwa ta kama tsaf. Ni burina in yi mata rutin, wato in samu cikakken iko a kan manhajar wayar, saboda ina son naɗar kiran kwastomomi (ana yawan musa min farashin da aka yi a waya), in kashe tallace-tallace, in kuma cire tarkacen da ba na amfani da su. Wani abokina ya ce in ɗauki mai sauƙin kawai, ai babu wayar da ba a fasawa. Haka ne?

Mai Filashin:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka biya tukuna, don Allah. Kalmar "an buɗe ta" ita ce ke cin kuɗin mutane a kasuwar nan, domin buɗewa iri biyu ce kuma babu abin da ya haɗa su. Akwai buɗe layi, wato waya ta karɓi kowane sim. Wannan shi yaron ya nuna maka. Akwai kuma buɗe butloda, wato ƙaramar manhajar da ke fara tashi da ka danna maɓallin kunnawa, ita ke duba ko Android ɗin da ke ciki na kamfani ne mai sa hannunsu kafin ta bari ya tashi. In tana kulle, duk abin da ka sauya a ciki za ta ƙi shi. Rutin na zamanin nan kuwa sai ka sauya fayil ɗin tashin waya, ka ga ke nan ba ya yiwuwa sai ta buɗu.

Gwajin minti uku ne. Ka haɗa wayar da intanet tukuna, wannan wajibi ne. Ka shiga saiti, wajen bayanin waya, ka danna Build number sau 7. Ka koma ka shiga Developer options ka nemi inda aka rubuta OEM unlocking. In maɓallin ya motsa, Alhamdulillahi. In ya yi fari-fari ya ƙi taɓuwa bayan ta jima a kan intanet, ajiye musu kayansu.

Sarkin Data:
Haba Oga, kana tsorata mutum. Ni da hannuna na yi wa wayoyi sun fi goma rutin da KingRoot, ko kwamfuta ban taɓa ba. Dannawa ɗaya, ka jira ta cika ɗari, shi ke nan. Ban taɓa jin wata butloda ba a lokacin.

Mai Filashin:
A wace shekara?

Sarkin Data:
To, ina aji biyar na sakandare 😂

Mai Filashin:
Ka ba kanka amsa.

Tsohon Hannu:
Ku bar yaron nan, bai yi ƙarya ba, zamani ne ya wuce shi. Bari in ɗan yi tsawo, wanda ya gaji ya tsallake.

Su KingRoot da Framaroot da ire-irensu ba buɗe ƙofa suke ba, ta taga suke haurawa. Suna neman wani kuskure a cikin Android su bi ta nan su karɓi ikon shugaban gida. Wanda ya fi shahara shi ne Towelroot na George Hotz a 2014. Lokacin Galaxy S5 ta Verizon da ta AT&T sun gagari kowa, har mutanen XDA, dandalin masu wasa da waya, suka yi karo-karo suka tara sama da dala 18,000 ga duk wanda ya fasa. Ya fasa ɗin. Amma ku lura da kyau: rutin kawai aka samu, butloda tana nan a kulle. Masu wayar ba su iya ɗora irin Android ɗin da suke so kai tsaye ba, sai 'yan dabaru irin su Safestrap, wanda tamkar gina ɗaki ne a cikin ɗakin wani. Kuma da sabuntawa ta zo aka toshe ramin.

Haka abin yake tun asali. A 2013 Dan Rosenberg ya gano hanyar buɗe wasu wayoyin Motorola, ba a jima ba aka toshe. Daga baya aka yi SunShine, ka biya dala 25 a buɗe maka HTC ko Motorola, shi ma iya wasu samfura ne da wasu sigogi. Duk wanda ya bi ta wannan hanyar sai ya zauna yana tsoron sabuntawa kamar mai bashi yana tsoron sallama a ƙofar gida. Ka ƙi sabuntawa, ka zauna da ramukan tsaro. Ka karɓa, rutin ya tafi.

Sannan Google ta yi ta ƙara katanga. Daga Android 5 aka tsaurara SELinux, mai gadin da ke iyakance abin da kowace manhaja za ta taɓa, daga Android 7 waya ta fara ƙin tashi gaba ɗaya in ta ga an taɓa mata tsarin ciki. Nan kasuwar dannawa ɗaya ta watse. Duk manhajar da ta ce maka yau za ta yi wa Pixel 7 rutin da dannawa ɗaya, ba wayar take nema ba, kai take nema.

Ita kuma maganar da Alhaji ya kawo, tsohuwa ce a Amurka. Can a da kamfanin layi ne ke sayar maka da waya a kan dala 199 bisa yarjejeniyar shekara biyu, shi kuma ya sa a kulle ta. Da masu son wasa da waya suka yi ta ƙorafi, sai kamfanoni suka fito da abin da suka kira Developer Edition: waya iri ɗaya sak, amma ka biya kuɗinta cif, kusan dala 650, a ba ka damar buɗewa. Samsung ta yi wa Galaxy S3 da S4 na Verizon haka, HTC One ta samu a 2013, Moto X ma haka. Har Motorola ta zo ta ce masu Developer Edition garantinsu ba zai faɗi ba ko sun buɗe. Yau ba a cika jin sunan ba, amma rabon yana nan: Pixel da aka saya kai tsaye daga Google tana buɗuwa, ta Verizon ba ta buɗuwa ko an gama biyan kuɗinta. Dubu 35 ɗin nan, Alhaji, ita ce ragowar wancan bambancin da ta biyo wayar har Kano.

Ɗan Kwari:
Allah Ya ƙara ilimi Baba. Ashe kallon kitse nake wa rogo. To amma ba za a wayi gari wani ya fasa ta Verizon ɗin ba?

Tsohon Hannu:
Zai iya yiwuwa. A kan Pixel ta farko ta 2016 an samu hanya na ɗan lokaci, aka rufe. Amma ba a sayen waya a kan "wataƙila". Kai ɗan kasuwa ne, za ka sari atamfa a kan ƙila wata rana za ta yi tashe?

Maman Ilham:
Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri in na katse muku daɗin hira. Alhaji, a wayar nan za ka riƙa karɓar taransfa?

Ɗan Kwari:
Ƙwarai Hajiya. Ai rabin cinikinmu yanzu ta waya ne.

Maman Ilham:
To ka tsaya ka yi tunani. Ina da shagon POS, wayata ita ce jarina. Ƙanena ya taɓa lallaɓa ni ya buɗe tsohuwar wayata wai za ta ƙara sauri. Sati bai cika ba manhajar wani banki da nake aiki da shi ta daina buɗewa, tana cewa na'urar ba ta da aminci. Ya zo ya yi 'yan dabarunsa ta dawo. Bayan wata guda ta sake rufewa, ranar Juma'a da yamma, ga layi a bakin shago, shi kuma yana makaranta. Ranar na san araha ba ta ado. Ku da kuke da wayoyi uku a aljihu sai ku yi ta gwaji. Mai waya ɗaya da iyali ke ci daga cikinta, ban ga abin da ya kai shi ba.

Mai Filashin:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma shi ne abin da masu zuga mutane ba sa faɗa. Akwai abin da ake kira Play Integrity, wanda ya gaji SafetyNet. Manhajar banki tana tambayar Google: wayar nan yadda ta fito daga kamfani take? Da ka buɗe butloda, ko ba ka yi rutin ba, amsar ta sauya. Ba duk bankuna ke tambaya ba, wasu ba ruwansu, amma wanda bai tambaya yau ba yana iya farawa gobe ba tare da ya sanar da kai ba. Da can Magisk, manhajar da ake yin rutin da ita, na da hanyar ɓoye kansa a cikinsa, amma mai shi, John Wu, ya kama aiki da Google a 2021, daga baya ya cire wannan ɓangaren. Yanzu sai ƙarin kayan wasu mutane, kuma wasan ɓuya ne, yau ka ci gobe a ci ka. Duk wata sai an kawo min irin wannan aikin.

Ɗalibi:
Ni fa nan ne raina ke ɓaci. Na sayi waya da kuɗina, amma wani a Kalifoniya ko Seoul ne zai yanke hukuncin abin da zan ɗora a kai? Kwamfuta fa ce. Laftof ɗina na cire Windows na sa Linux, babu wanda ya tambaye ni, kuma ina shiga bankina ta burauza lafiya lau. Me ya sa waya ta zama daban? Kuma ku duba wayoyin da ke hannun mutanenmu, da yawansu sun shekara uku huɗu ba su ga sabuntawar tsaro ba. Banki ya yarda da waccan, amma ya ƙi wayar da ke ɗauke da LineageOS na wannan watan, wato Android ɗin da masu sa kai ke haɗawa. Wannan tsaro ne ko iko?

Maman Ilham:
Ƙanena, ka yi gaskiya a takarda. Amma kwastoma ba ya jiran gaskiya, kuɗinsa yake jira.

Ɗalibi:
Na yarda Anti. Amma in kowa ya ce haka, nan da shekara biyar babu wayar da za ta rage mai buɗuwa.

Ɗan Gwanzu:
Ai an kusa zuwa nan ɗin. Ni da nake sarin waya a nan Chaina ina gani da idona. Huawei ta daina ba da lambar buɗewa tun 2018. Asus ta rufe manhajarta ta buɗewa a 2023. Xiaomi da muke taƙama da ita, da can ka haɗa asusunka ka jira awa 168 ka buɗe. Tun zuwan HyperOS, sabuwar manhajar wayoyinsu, sai ka nemi izini ta manhajar dandalinsu, asusun ma sai ya jima da buɗewa, kuma akwai iyakar adadin da suke bayarwa. Wadda aka yi don kasuwar cikin Chaina kuwa har jarrabawa suka sa. Don haka wanda zai sayi Redmi ko Xiaomi saboda rutin, ya tabbatar ta kasuwar duniya ce. Akwai masu ɗora wa ta Chaina manhajar duniya su sayar a matsayin ta duniya, waɗannan kar ka kuskura ka sake kulle butlodarsu, mutuwa za ta yi.

Sarkin Data:
Samsung fa? Ni ita nake tara wa kuɗi.

Mai Filashin:
Samsung ka fara duba lambar samfuri. In ta ƙare da U ko U1, kamar SM-G991U, ta Amurka ce, manta da ita. Masu B ko F su ne ake buɗewa a da. Na ce a da, domin daga One UI 8, sigar manhajar wayoyinsu, sun cire maɓallin ma gaba ɗaya. Sannan ko ka samu mai buɗuwa, akwai Knox. Wani ɗan fis ne a cikin guntun wayar, da ka ɗora abin da ba nasu ba sai ya ƙone, lambar ta koma 0x1. Ba filashin ɗin da ke mayar da shi, ko ka sake kulle ta ka mayar da komai yadda yake. Secure Folder da Samsung Wallet sun tafi ke nan har abada. Masu sayen ta hannu ma su riƙa dubawa, ana kawo irinsu da yawa.

Ɗalibi:
Shi ya sa na ce in za ka saya, ka sayi ta kamfanin da ya bar ƙofa da gangan. Pixel, Fairphone ta ƙasar Holan, Nothing, yawancin OnePlus, wasu Motorola da Sony. Pixel ma ta fi su da abu ɗaya: za ka iya ɗora GrapheneOS, wani Android na daban mai fifita tsaro, ka sake kulle butlodar a kansa, wayar ta ci gaba da tantance kanta duk tashi.

Tsohon Hannu:
Haka ne, amma kar ka haɗa wa Alhaji abu biyu. GrapheneOS ba rutin ba ne, masu yin sa ma ba sa goyon bayan rutin. Shi kuma Alhaji rutin ya ce yana so. In ya sa Magisk, butlodarsa a buɗe za ta zauna. Ranar da ya kulle ta alhali fayil ɗin tashi a sauye yake, wayar ba za ta tashi ba, in kuma ya riga ya kashe OEM unlocking to sai addu'a. Na ga ƙwararru sun yi wannan kuskuren cikin dare saboda barci.

Abu Hanan:
Wai duk Tecno da Infinix da ke hannun talakawa babu mai maganarsu? Kowa Pixel, kowa Samsung.

Mai Filashin:
Su nasu labarin daban ne Malam. Yawancinsu guntun MediaTek ne a ciki, kuma tsofaffin guntayen suna da wani kuskure tun daga tushe wanda sabuntawa ba ta iya gyarawa, shi manhajar mtkclient ke bi ta buɗe. Sababbin an toshe da yawa. Matsalar ita ce ko ka buɗe, da wuya ka samu wani Android na daban da aka yi wa samfurin musamman, domin masu wannan aikin sun fi bin wayoyin da ke hannunsu a Turai da Indiya. Sai rutin kawai.

Kuma a nan ne na fi ganin hawaye. Farkon koyon aikina na ɗauki wayar maƙwabcinmu mai irin wannan guntun, na buɗe SP Flash Tool, na zaɓi goge komai kafin ɗorawa ba tare da na kwafe NVRAM, inda bayanan layin wayar ke zaune, ba. Waya ta tashi fes, amma IMEI ta ɓace, ba ta ganin layi ko ɗaya. Laifina ne ɗari bisa ɗari. Sai da na biya shi daga kuɗin da nake tarawa na sayen na'urar hura zafi. Tun ranar ba na taɓa waya sai na kwafe komai tukuna.

Abu Hanan:
Allah Sarki 😂 Allah Ya mayar da alheri.

Shugaban Zaure:
Tunatarwa: masu turo tambayar yadda ake tsallake asusun Google a wayar da "aka tsinta", na goge saƙonni biyu yanzu. Ba a zauren nan ba. Kowa ya san halin da ake ciki da masu ƙwacen waya.

Maman Ilham:
Yawwa, wannan ma tambaya ce. In an ƙwace wayar da butlodarta ke buɗe fa?

Tsohon Hannu:
Hotunanki da saƙonninki suna nan a rufe da lambar sirrinki, buɗaɗɗiyar butloda ba ta warware wannan kai tsaye. Amma kin sauƙaƙa wa ɓarawo goge ta ya ɗora sabo ya sayar. Kulle ɗin nan da muke zagi yana da ranarsa. Ni ban taɓa cewa kamfanoni ba su da hujja ba. Abin da nake cewa shi ne su bar mabuɗi a hannun mai kaya, in ya ga dama ya yi amfani da shi, in ya ga dama ya bar shi a aljihu.

Mai Filashin:
Bari mu koma kan buƙatun Alhaji guda uku, don na ga mun yi nisa. Talla: tun Android 9 akwai Private DNS a saiti, ka rubuta adireshin masu tace talla, mafi yawa za su ɓace, ba rutin. Cire tarkace: da kebul da kwamfuta ana yi ta ADB, hanyar ba waya umarni daga kwamfuta, ko da manhajar Shizuku a wayar kanta, kuma Pixel ba ta da tarkacen kirki tun asali. Saura naɗar kira. Wannan ne kaɗai mai ɗan wuya, tunda a 2022 Google ta hana manhajojin Play Store bin hanyar da suka saba bi. Da rutin ana samun naɗa mai kyau, gaskiya ne.

Abu Hanan:
Amma Alhaji ka riƙa gaya wa mutum kana naɗarsa. Amana ce. Ni in na gano ana naɗata a ɓoye na daina ciniki da mutum.

Ɗan Kwari:
Wallahi ina faɗa Malam. Ni hujja nake nema, ba tonon asiri ba. Akwai wanda muka yi da shi a kan dila biyu, kaya suka isa Maraɗi ya ce shi ɗaya da rabi ya ce.

Maman Ilham:
To ka ce ya turo maka saƙon murya a WhatsApp mana, ko ka rubuta masa ya amsa da "na yarda". Kyauta ne, kuma bankinka ba zai yi fushi ba.

Sarkin Data:
Anti ta kashe kasuwar Oga Mai Filashin 😂😂

Mai Filashin:
Ba komai, gobe kai za ka kawo min taka. Alhaji, ni dai ga tawa: ko ba za ka yi rutin yau ba, ƙara dubu 35 ɗin ka ɗauki mai buɗuwa. Google ta yi wa Pixel 7 alkawarin sabuntawar tsaro na shekara biyar daga 2022. Ranar da suka daina, mai buɗuwar za ka ɗora mata LineageOS ta ci gaba da tafiya, ta kullen kuwa ta tsaya inda aka bar ta. In ka tashi sayarwa ma, masu sani za su fi ba ka kuɗi.

Maman Ilham:
Ni kuma na ce in ba zai buɗe ba, ya riƙe kuɗinsa ya ƙara a jari. Kafin 2027 wa ya san ko wayar na hannunsa ma? Waya nawa ke kai shekara uku a Kwari ba ta faɗi ta fashe ba?

Ɗalibi:
Anti ke dai ba a kayar da ke.

Ɗan Kwari:
Salam. Na koma shagon bayan la'asar. Na kunna wa duka biyun intanet daga wayata na yi yadda Oga ya ce. Mai sauƙin, maɓallin ya yi fari, na jira kusan minti goma, na kashe na kunna, bai motsa ba. Ɗayar tana haɗuwa da intanet ya buɗe. Yaron shagon ya rantse bai taɓa sanin akwai wurin ba, har ya ce in nuna masa yadda ake shiga. Na taya, ya rage min dubu 5, na ɗauki mai buɗuwar. Amma Hajiya kar ki yi fushi, na ji maganarki: bankuna na bar su a tsohuwar wayata, ita ba zan taɓa ta ba.

Mai Filashin:
Allah Ya sa alheri. In za ka buɗe, yi yanzu kafin ka zuba kayanka a ciki, domin umarnin fastboot flashing unlock goge wayar yake tas. Kuma ka sauke fayil ɗin kamfani na daidai sigar da ke kanta daga shafin Google ka ajiye. A Pixel 7 fayil ɗin init_boot ake ba Magisk ya gyara, ba boot ba, mutane da yawa na bin tsohon bayani su rikice.

Ɗan Kwari:
To ga matsala tun yanzu. Na haɗa ta da laftof ɗin ɗana, tana caji amma kwamfutar ba ta ganinta sam.

Mai Filashin:
Da wane kebul?

Ɗan Kwari:
Wanda na saya a danja, na ɗari biyar.

Mai Filashin:
Na caji ne kawai, babu wayoyin data a cikinsa. Gobe ka biyo ta shago bayan azahar, ka taho da laftof ɗin in sa maka direba. Kar ka danna komai kafin nan.